Bakan Zauren Gidan Dutse

Tsagar ta fara ne kamar silin zare, a gefen hagu na bakan zaure. Shekara biyu da suka wuce farce kaɗai ke shiga cikinta. Bara yatsa ya shiga. Bana kuwa, ranar da hadarin farko ya taso daga gabas ya watse bai zubar da ko ɗigo ba, Alfari magini ya zura hannunsa har wuyan hannu, ya ji sanyi yana fitowa daga cikin bangon. Ya zare hannun ya goge a jikin riga.

In ka ce Gidan Dutse a Gaya, ba mai tambayarka wanne. Bene ne na jar marmara a tsohuwar unguwa, wani attajiri mai fataucin gishirin Foga ya gina shi tun zamanin Nasara. Babu siminti a jikinsa ko na cikin cokali. Farar ƙasa ce da makuba aka dama aka ɗinke duwatsun da ita. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, shi ya sa ko ana tsakar zafin bazara, in ka shiga zauren sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne bakan ƙofar zauren. Duwatsu ne arba'in da ɗaya aka lanƙwasa, kuma ɗakin sama gaba ɗayansa a kansu ya hau ya zauna. Kakan Alfari yana cikin waɗanda suka sare su a kan tudu. Ba a yi musu ma'auni ɗaya ba. Kowane dutse sai da aka yi ta goga kuncinsa da na maƙwabcinsa har suka zauna ba rata, saboda haka kowanne yana da mazauninsa, ba ya yarda da na wani. A ido duk kamarsu ɗaya, tafin hannu ne kaɗai ke rarrabe su.

Shekara arba'in Alfari ne likitan gidan. Duk inda ruwa ya ci, shi ke liƙewa. Duk inda ƙadangare ya yi rami, shi ke toshewa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, magana ba ta dame shi ba, ga kuma taurin kan da ya gada wurin kakansa tare da guduma.

Bara aka zubar da jini a ƙofar gidan nan. Alhaji Hashimu, mai kamiyo, wato manyan motocin dakon kaya, goma sha biyu, shi ke da garejin da ke bayan gidan, kuma kusurwar benen ta tsone masa ido, don duk motar da ta taso daga Kwatano sai ta yi gaba da baya sau uku kafin ta karya kwanar. Ya nemi a sayar masa. Hajiya Rahinatu, jikar wanda ya gina gidan, ta ce ko ƙyauren bayi ba ta sayarwa. Sai wata azahar aka ga mutanen Alhaji sun ɗaura igiyar ƙarfe a kusurwar, wai mota ce ta kafe za su jawo ta. Ɗan Hajiya, Sa'idu, ɗan kabu-kabu ne mai shekara talatin, zuciyarsa kuwa a kusa take. Ya kira abokan sana'arsa. Kafin jandarmomi su iso an ƙone tayoyi, an fasa kawuna shida, wani direba ya rasa ido, shi kuma Sa'idu aka zubar masa da haƙora biyu da ƙarfen kwance taya.

Bayan wannan ne masu kula da kayan tarihi suka zo, suka auna, suka ɗauki hoto, suka kafa allon ƙarfe a ƙofar gidan. An rubuta da Faransanci cewa gidan na tarihi ne, ba mai cire dutse ko ƙara dutse sai da takardar izini. Ranar da aka kafa allon, Sa'idu ya tsaya gaban jama'a, bakinsa a kumbure, ya rantse da Allah cewa duk hannun da ya cire dutse ɗaya daga gidan kakanninsa, shi zai farfasa hannun. Aka yi tafi, har da guɗa.

Allon ya taka wa Alhaji Hashimu birki, wannan ba musu. Amma tsaga ba ta iya karatun Faransanci ba. Kamiyoyi suka ci gaba da wucewa da lodin da ke girgiza ƙasa, ita kuma ta ci gaba da buɗe baki.

Alfari ya hau matakala ya iske Hajiya a ɗakin sama tana tsintar shinkafa a faifai, ƙafafunta a miƙe saboda ciwon gwiwa. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, bakan ga ba shi kai ƙarshen damina."

"Haka ka ce bara, Malam Alfari."

"Bara yatsa na sa. Yau hannu ya shiga. Ruwa biyu ko ukku masu ƙarhi, ke da gadonki kuna cikin zaure."

Ta ajiye faifan. "Sau ukku munka aika takarda. Sun ce a jira masana su zo daga Yamai."

"To, ki aika wa hadari shi ma shi jira."

Ta ɗaga kai ta kalli rufin ɗakin da aka haife ta a ciki. Sannan ta ce, "Mi za a yi?"

"A tokare ɗakin da azara, a sauke bakan dutse-dutse, a gyara gindin da ya zauna, a maida kowane mazauninshi. Kwana ukku, ni da leburana Alassan. Amma ki hwaɗa wa Sa'idu."

"Ba ka san ɗana ba? Cewa zai yi ranar da anka taɓa dutse guda, Hashimu zai ruga wurin hukuma shi ce masu gida da kansu sun karya doka, a tuge allon. Ba shi saurare, Malam. Jibi zai tahi Tunuga bikin abokinshi, sai bayan kwana huɗu. Ka yi aikinka, shi dawo shi iske baka a tsaye."

Shawarar ba ta kwanta wa Alfari ba. Amma shi ma ba mai son tsayawa yi wa yaran zamani bayani ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ya ce to.

Azara ba ta wuya a ƙasar giginya. Abin da ya rage shi ne abin da zai ɗaga nauyin ɗaki ya riƙe, kuma wannan sai kirik, irin wanda ake ɗaga kamiyo da shi in za a sauya taya. Duk unguwar mutum ɗaya ke da manyan kirik har huɗu. Alfari ya yi ta juya abin a ransa, daga baya ya ce ai ƙarfe bai san mai shi ba, ya nufi garejin Alhaji Hashimu.

Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo shayi, ya saurari bayanin har ƙarshe bai katse shi ba. "Gidan tarihi ai na kowa ne, Malam," in ji shi. "Ɗauki duk huɗun. Azarar ma ba sai ka nemi amalanke ba, mota ta za ta kawo maka har ƙohwa." Da Alfari mai lura da fuskar mutane ne yadda yake lura da fuskar dutse, da murmushin nan ya tsorata shi. Amma idonsa na kan kirik, yana duba ko suna zubar da mai.

Suka zaɓi ranar kasuwa, ranar da unguwa ke watsewa. Ana idar da sallar asuba motar ta iso, wata rawaya, an rubuta sunan Alhaji Hashimu ɓaro-ɓaro a ƙofofinta biyu. Alfari da Alassan, tsohon leburansa da suka yi furfura tare a kan gini, suka shimfiɗa katako a ƙasan zaure, suka jera kirik, suka ɗora azara, suka yi ta murzawa a hankali har ɗakin sama ya yi wata ƙara kamar ƙashin bayan tsoho in ya miƙe. Nauyi ya bar baka ya koma kan azara.

Sai Alassan ya baza yashi a filin ƙofar gida, Alfari ya hau tsani. Ya fara da dutsen tsakiya, wanda ya kulle sauran. Ya kankare tsohuwar farar ƙasa, ya girgiza shi kamar mai cire haƙori, ya zare shi, ya miƙa. Kowanne ya kai girman tukunyar miya. Alassan yana karɓa yana kwantar da su a kan yashi, na dama a dama, na hagu a hagu, yadda bakan zai sake fitowa a ƙasa kamar yadda yake a sama.

Da suka sauke goma, Alassan ya ce, "Malam, ko mu sa masu lamba da gawayi? Guda, biyu, ukku."

Alfari ya harare shi daga kan tsani. "Kakana lamba ya sa masu?"

"A'a, na dai ce ko don tsaro."

"Ga su nan a jere kamar sahun salla. Wa zai taɓa su? Ko an hautsina, hannuna ya san kowane. Karɓi."

Kafin azahar duka arba'in da ɗayan suna kwance a kan yashi, a lanƙwashe, gwanin kyau. Ƙofar Gidan Dutse kuwa ta koma wani wawakeken rami, ɗakin sama yana tsaye a kan sanduna. Alfari ya ji daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ya ga inda cutar take: gindin hagu ne ya nutse da faɗin yatsa huɗu, aikin wuni ɗaya. Abu guda ne bai yi masa daɗi ba. Direban motar ya ce zai je kasuwa ya ci abinci ya dawo, tun hantsi, har yanzu shiru, ga motar an bar ta a tsaye daidai ƙofar gidan.

Wani mai wucewa ya ɗauki hoto da salula, ya tura wa Sa'idu. Tunuga kuwa ba nisa ba ce ga mai babur da zuciya ta ɗeba.

Alfari yana durƙushe a gindin bango ya ji ƙarar. Da farko ya ɗauka ɗaurin aure ne, don haka ƴan kabu-kabu ke yi in sun ɗauko ango. Sai babura suka karyo kwana, sun fi talatin, Sa'idu a gaba, bai ko tsaya kafe nasa ba, ya sake shi ya faɗi yana ta kuka a ƙasa. Abin da suka gani ba ya bukatar mai fassara a wurinsu: ƙofa a rushe, duwatsu a ƙasa, motar Alhaji Hashimu a tsaye. Ba wanda ya tambayi komai.

Wani dogo ya sunkuya yana neman abin jifa, ya iske an jera masa su a kan yashi. Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu ya maka wa gilashin motar. Gilashi ya zube. Na biyu ya ɗauka, na uku ya ɗauka.

"Ku aje!" Alfari ya kurma ihu, muryar da ba a taɓa jin yana da ita ba. "Ku aje su inda kunka ɗauka!"

Ya ruga ya faɗa kan sahun duwatsun, ya baza hannuwa kamar kaza a kan ƙwai. Wani ya ja shi ta ƙafa. Ya juyo da cokalin gini a hannunsa ya kai sara, ya tsaga wa mutumin kunci daga kunne har haɓa. Jini ya tsarto. Daga nan kuma abin ya wuce magana. Aka rufe shi da duka, da ƙafa, da hular kwano, da guntun azara. Yana ji ana taka masa haƙarƙari, amma idonsa na bin duwatsun da ke tashi sama ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa kan motar, wasu suna wucewa su fashe a kan kwalta, wasu su gangara lambatu. Alassan ya zo ceto aka fasa masa goshi, ya rarrafa ya zagaya ta ƙofar baya. Can sama Hajiya Rahinatu ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu tana kiran sunan ɗanta, amma wa zai ji tsohuwa cikin ƙahon babura talatin? Masu ganinta ma cewa suka yi kuka take an rushe mata gida, suka ƙara zuciya.

Sa'idu ya ture mutane ya cakumi wuyan rigar Alfari ya ɗaga shi. Idanunsa sun yi ja, hawaye na zuba, don ba ƙaramin so yake wa gidan nan ba.

"Baba Alfari, kai? Kai da ka goya ni a zauren ga? Da mi Hashimu ya saye ka?"

Bakin Alfari cike da jini. Ya tofar ya ce, "Gyara nike. Hajiya ta sa ni."

"Gyara da motar Hashimu? Har ka yi wa tsohuwata ƙarya?"

"Ka hana su jihwa, Sa'idu. Duwatsun. Ka hana su."

Amma Sa'idu ya riga ya juya ga jama'a, jama'a kuma suna kallonsa. Duk wanda ke wurin ya ji rantsuwar bara, wasu ma su suka yi tafin. Wani ya ce, "Ka rantse, Sa'idu." Wani ya maimaita. Mutum biyu suka danne Alfari, na uku ya murɗe hannunsa na dama ya shimfiɗa shi a kan ɗaya daga duwatsun da suka rage. Wani ya miƙo gudumar da ke gindin tsani, ta Alfari ce, mai ƙotar da gumin mutum uku ya baƙanta.

Sau uku Sa'idu ya sauke ta. A bugun farko Alfari ya ji ƙarar kafin ya ji zafin, kamar an taka busasshen kara. A na biyu ya yi ƙara. A na uku ya ga dai yatsunsa sun kwanta ta inda yatsu ba sa kwanciya.

A lokacin ne wani ya zuƙo esansi daga tankin babur ya watsa cikin motar, wani ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi da duwatsun da ke ciki. Kuma a lokacin ne Hajiya Rahinatu ta ɓullo ta lungu, ba mayafi, Alassan yana riƙe da ita, ta sauko matakala ashirin da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa, ta zagayo ta ƙofar baya. Ta ratsa mutane ta tsaya a kan ɗanta. Ta dubi hannun, ta dubi gudumar. Ta ɗauke shi da mari, ta sake, ta sake.

"Ni na sa shi," in ji ta. "Ni na ce shi sauke bakan shi gyara. Ni na ce kar a hwaɗa maka."

Na kusa suka ji, suka faɗa wa na baya. Ƙahon babura ya riƙa mutuwa ɗaya-ɗaya. Wani da ke riƙe da dutse ya sunkuya ya ajiye shi a hankali, kamar yanzu ne hankalin zai yi amfani. Da motar jandarmomi ta iso rabin mutanen sun sulale, Sa'idu kuwa yana nan tsaye da guduma a hannu.

A asibiti aka yanke yatsu biyu, aka ɗaure sauran. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce hannun zai warke amma ba zai ƙara riƙe ko kofin shayi ba, kuma tafin ba zai ƙara jin zafi ko sanyi ba. Alfari ya ji. Abin da ya tambayi Alassan kaɗai shi ne ko an yi ruwa.

Kwana huɗu ya yi a kwance. A cikinsu mutanen unguwa, kunya ta ishe su, suka bi lambatu da kan kwalta da cikin ƙonanniyar mota suna tsinto duwatsu, suka tara su tsibi guda a ƙofar gida. Dattawa suka tsaya wa Sa'idu aka sake shi kafin ranar shari'a. Masu kula da kayan tarihi suka aiko cewa kar a taɓa komai, masana suna nan tafe. Alhaji Hashimu bai ko aiko a karɓo masa kirik ba. Kujera ya sa aka fitar masa ƙofar gareji, ya zauna yana kallon gabas.

Rana ta biyar Alfari ya sa aka kawo shi, hannu rataye a wuya, yana tafiya a karkace saboda haƙarƙari. Ya fara duba kirik ɗin. Biyu sun sauka da faɗin yatsa, don ba a yi su don su riƙe ɗaki mako guda ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kuwa yashi ce, ruwa ɗaya zai jiƙa ta. Sannan ya tsuguna gaban tsibin. Talatin da biyu ne masu rai. Tara sun farfashe, wasu a kan kwalta, wasu wuta ta tsattsaga su.

"Mu gwada," ya ce wa Alassan.

Alassan yana ɗagowa, shi yana shafawa da tafin hagu. Ya rufe ido ya shafa kuncin wannan, ya shafa na wancan, yana jiran hannun ya gaya masa abin da na dama ke gaya masa tun yana saurayi. Hannun hagu bai ce komai ba. Dutse yake ji kawai, mai kaushi, mai zafin rana. Suka koma haɗa su biyu-biyu suna leƙa ratar, amma jifa ta ɓantare gefuna, wanda ya zauna ta nan sai ya buɗe ta can. Daga hantsi har azahar uku kaɗai suka haɗa, su ma Alassan ne ya tuna su. Ko da an haɗa talatin da biyun, tara fa? Marmara sai an sare ta da ɗanyenta a kan tudu, a bar ta ta sha rani guda ta yi tauri, sannan a zauna gugar kunci, kuma duk wannan aikin mai hannu biyu ne. Alfari ya san haka tun yana gadon asibiti. Ya zo ne don zuciyarsa ta ƙi yarda. Ya tuna gawayin da Alassan ya ambata, baƙin ciki ya kama shi, don wannan laifin ba na Sa'idu ba ne, ba kuma na Hashimu ba.

Mutane sun taru nesa-nesa suna kallo. Sai ga Sa'idu ya fito daga lungu, ya rame cikin kwana biyar kamar wanda ya yi jinyar wata. Gudumar na hannunsa. Ya durƙusa gaban Alfari, ya ajiye ta, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan dutse.

"Baba, ga nawa. Ka rama. Wallahi ba ni janyewa."

Ba wanda ya motsa. Hajiya tana tsaye bakin lungu, ta kau da kai, amma ba ta ce a bari ba.

Alfari ya ɗauki gudumar da hagu. Kada wani ya ce bai so ba. Ya so, so mai tsanani. Ya dubi yatsun nan biyar lafiyayyu, masu kauri, ya ji a ransa daidai inda zai sauke ƙarfen su tarwatse. Ya ɗaga ta sama da kafaɗa. Sa'idu ya runtse ido, hannun bai motsa ba.

Gudumar ta daɗe a sama. Sannan Alfari ya sauke ta a kan cinyarsa.

"Mi ke cikin hannun ga da zan hwasa?" in ji shi. "Bai san komi ba sai murza babur. Tashi. Ka hau sama da shi ka sauko da gadon Hajiya, da akwatunanta, da duk abin da ke ɗakin. Ku bi ta baya, kar kowa shi ratsa zaure."

Hajiya ta juyo. "Malam Alfari, ba dabara?"

Shekara arba'in tana yi masa wannan tambayar, kullum yana da amsa. Ya dubi ƙasa ya ce, "Babu, Hajiya. A kwashe kaya yau."

Har la'asar ana sauko da kaya. Ƴan kabu-kabun da suka yi jifa su suka yi dakon, ba mai kallon idon wani. Sa'idu ya ɗauko gadon ƙarfen a ka shi kaɗai, yana kuka kamar yaro, ya kai shi gidan maƙwabta inda aka ba uwarsa ɗaki.

Ruwan farko ya zo bayan kwana biyu, ɗakin ya tsaya. Na biyu ya zo ranar Lahadi da rana tsaka, mai iska, irin wanda ke cika lambatu kafin a kwashe shanya. Alfari yana zaune a rumfar gidansa, lungu uku daga Gidan Dutse, ya ji wata ƙara mai nauyi da ba tsawa ba ce, ƙasa ta amsa a ƙarƙashin tabarmarsa. Bayanta wata ƙarama ta biyo. Can sai hayaniyar mutane suna gudu cikin ruwa.

Matarsa Tani ta fito daga madafa ta tsaya tana kallonsa. "Ba ka zuwa ka gani?"

Ya girgiza kai. Ya jawo buta da hannun hagu, ya karkata ta, ruwan ya zube a ƙasa bai sami hannun ba. Ya sake gwadawa. Sannan ya miƙa mata butar, ya ce ta zuba masa, lokacin salla ya yi.